Zaman da Muke Yi Bayan Wanka

Treichville, ranar Talata da hantsi

Zuwa ga maigidana Bashiru mai manyan kunnuwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da gaisuwar da ba ka saba ji daga bakina ba, wadda babu zagi a cikinta. Allah ya sa motar da ta ɗauke ka daga tashar Adjamé ta sauke ka Bondoukou lafiya, ya tsare ka daga direba mai gyangyaɗi da abokin zama mai surutu. Zan ba uwarka Rakiya wannan takarda ta cusa maka a jaka ƙarƙashin ledar kilishi, don na san nan hannunka zai fara zuwa.

Ka karanta a hankali. Hausarka gurguwa ce, Faransanci ya cinye mata ƙafa ɗaya, ni kuma rubutuna kamar tururuwa ta faɗa tawada ta fito. Mu yi haƙuri da juna.

Bari in fara da kacici-kacici, kamar da can da kake zama a kan cinyata kana cinye mini goro. Wace tambaya ce ake yi maka safe da yamma, mai tambayar ya riga ya san amsar da za ka ba shi, kai kuma mai amsawa ka san ba gaskiya ba ce, amma kowa ya tashi da daɗin rai? Kada ka wahalar da kanka, ba ka taɓa cin ko ɗaya ba tun kana da majina. Ita ce "Ina gajiya?" Ka ce, "Ba gajiya." Shi ke nan, an gama.

Duk tsawon annobar korona da wannan tambaya nake tarar ka a bakin ƙofa. Ka dawo daga asibiti, igiyar kashne, takunkumin nan na rufe hanci da baki, ta yi maka zane a bayan kunne, idanunka sun faɗa, in ce, "Ango, ina gajiya?" Ka ce, "Ba gajiya, Iya." In juya in ci gaba da tsintar shinkafata. Ni da na haifa na kuma binne, ni da nake gane mace mai ciki tun ita ba ta sani ba, na karɓi wannan amsa daga bakinka kullum don ita ce ta fi mini sauƙi. Can inda za ka je mutane za su yi maka irin wannan gaisuwa, kuma ka amsa musu yadda aka saba, ba na so a ce jikan Dije ba shi da tarbiyya. Amma ka nemo mutum ko ɗaya wanda in ya tambaye ka, zai ja kujera ya zauna ya jira amsa.

Ga abin da ya zaunar da ni rubutu. Kai ka roƙa a mai da kai ƙaramin asibitin ƙauye, ka ce wa uwarka iskar can ta fi ta Abidjan. Ita ta yarda. Ni ban yarda ba. Ina jin tsoron wurin da ba wanda ya san ka kake nema, inda za ka yi shiru har ƙarshe ba mai lura. Kuma shirun nan ni na koya maka shi.

Ka san aikina. Tun uwarka tana goye nake wankan gawar mata, daga nan Treichville har Adjamé, duk inda Bahaushiya ko Bajula ta rasu aka aiko. Mu uku ne: ni, da Mairo, da ƙawata Awa ta unguwar 220 Logements, wadda kake kira Tanti Awa, wadda ta fara sa maka barkono a baki. Ɗaya tana zuba ruwa, ɗaya tana cuɗawa, ɗaya tana riƙe zane don kada jikin baiwar Allah ya buɗe. Muna zuwa ɗakin ajiye gawa da garin magarya da kafur da likkafani, mu yi abin da ya kamata, mu fito. Tsohuwar da ta koya mana ta ɗora mana doka tun ranar farko: abin da idonki ya gani a jikin mamaciya, ya mutu tare da ita. Tabo ne, ciwo ne da ta ɓoye wa miji, alamar duka ce, ko cikin da ba wanda ya san da shi, ba ki gani ba. Na riƙe wannan doka har gashina ya yi fari, kuma ina alfahari da ita.

Ranar da za ka fara makarantar aikin jinya na kama kunnenka, wanda dama ba wuyar kamu gare shi ba, na ce, "Yanzu ka shigo sana'armu. Ku kuna da masu rai, mu muna da matattu, amma doka ɗaya ce. Abin da ka gani a can, kada in ji shi a gidan nan." Ka ce, "To, Iya." Kai kuwa ɗa ne mai jin magana, abin da ya cuce ka ke nan.

Rabin dokar na ba ka. Ɗaya rabin ban ɗauke shi doka ba, na ɗauka zaman banza ne irin na mata. Ga shi: ba mu taɓa barin wurin wanka kowa ta kama hanyar gidanta ba. Ko ruwan sama ake yi, ko da girki na jira, sai mu shiga gbaka, ƙaramar motar hayar nan, mu tafi ɗakin Awa. Mu hau benen nan nata ina tsine wa wanda ya gina shi, ta shimfiɗa tabarma, ta fito da ruwan citta mai yaji wanda sai ka yi tari. Ba ma maganar jikin mamaciya, ko kusa. Maganar kanmu muke yi. Mairo ta ce, "Yarinyar nan ta yau sa'ar 'yata Hadiza ce." Awa ta ce ita ƙamshin kafur ya tsaya mata a maƙogwaro, ba za ta iya cin komai ba sai gobe. Ni in ce na ji haushin dangin da suke gardamar ɗan kunne a bakin ƙofa gawa tana kwance. Mai kuka ta yi kukanta, ba mai cewa ta yi haƙuri. In an jima wata ta fara tsokana. Awa ta dube ni ta ce, "Dije, ke da wannan jiki naki, ranar da kika mutu sai mun aro tiyo wurin masu wankin mota." In ce, "Ke kuma kofin shayi ɗaya ya ishe ki, ƙashi da rai." Mu yi dariya har hawaye, mu yi salla, sannan kowa ta tafi gida da hannu mara nauyi.

Shekara da shekaru muna haka, kuma ban taɓa tambayar kaina dalilin da ya sa ban haukace ba. Na ɗauka ƙarfin zuciyata ne. Ashe tabarmar Awa ce.

To, ka saurara, ga dokar da cikarta. Abin da ka gani a jikin mara lafiya nasa ne, ka rufe masa. Abin da ganin ya yi maka naka ne, kuma ba amanar kowa ba ce. Kana iya cewa, "Yau wani ya mutu a hannuna, ƙirjina ya yi nauyi," ba ka tona asirin kowa ba. Tsohuwar da ta koya mana ta san haka, shi ya sa take tusa ƙeyarmu zuwa ɗakin Awa tun muna yara-yaran mata. Ba ta yi mana bayani ba, ni kuma ban yi tambaya ba.

Ka tuna yadda gidan nan ya koma da cutar ta shigo. An rufe masallaci, an hana fita bayan magariba, an tare hanyar fita gari. Azumi ya zo ba asham, kowa a ɗakinsa kamar kaza a akurki. Wayoyi kuma ba su huta ba, kullum da sabon labari, wannan ya ce ganyen dogon yaro ne magani, wancan ya ce cutar ta masu hawa jirgi ce. Ni ma na tafasa dogon yaron nan na ɗura maka, ka sha kana yamutsa fuska don kada in ji kunya. A kasuwar Adjamé uwarka ta ga masu sayen atamfa suna tsallake rumfarta saboda an ce ɗanta a ɗakin masu korona yake aiki, har ta fara ce wa mutane an mai da kai wurin rabon magani. A tsakar gidan nan kana shigowa mata su janye 'ya'yansu. Tsoro ne, ba ƙiyayya ba, amma wanda ake gudu bai san bambancin ba.

Ni me na yi? Na ware maka kwano da kofi, na ɗiga musu jan farce don kada su haɗu da namu. Kai da bakinka ka ce a ware, don ka tsare ni, kuma daidai ne. Amma ba kai ka ce in riƙa ajiye maka abinci a bakin ƙofa ina kiran ka "Alhaji Korona" ba. Wasan jika da kaka ne, na sani, da shi muka saba, kuma duk gidan sun yi dariya. Kai ma ka yi murmushi. Sai daga baya na gane ba a yi wa mutum wasa da abin da yake cin sa a lokacin da yake cin sa. Ai da sai in zauna nesa da kai taku kaɗan, kai da kwanonka ni da nawa, mu ci tare muna kallon juna. Bai zo mini a rai ba.

Wadda ta yi abin kirki a gidan nan Madam Akisi ce, mai sayar da acheke, dambun rogon nan, ta ɗakin ƙarshe, wadda ba addininmu ɗaya ba, wadda na yi shekaru ina faɗa da ita a kan igiyar shanya. Wata rana da la'asar kana bakin famfo kana wanke hannu. Ka wanke, ka ɗauraye, ka sake ɗaukar sabulu. Ka wanke, ka sake. Fatar bayan hannunka ta tsage har ruwan yana sauka da ja. Ni ina zaune ina kallo, na ɗaga murya na ce, "Kai, ka bar mana ruwan, ba kai kaɗai ke da hannu ba!" Ita kuwa ta ajiye kwandonta, ta zo ta tsaya a gefenka, ta rufe famfon a hankali, ta ce, "Yako, ɗana. Yako." Ka san kalmar nan tasu ta sannu ga wanda ke cikin wahala. Ba ta ƙara komai ba. Na ga kafaɗarka ta sauka. Da ni mai hankali ce da na koyi karatu a ranar. Maimakon haka na ce a raina, ga ta nan za ta lalata mini namiji.

Saboda haka in ka je can, kada ka zaɓi mai jin tausayinka ta hanyar yare ko salla. In mai shara ne a asibitin, in matar mai gidan haya ce, in wani tsohon malamin makaranta ne, wanda duk ya iya tsayawa a gefenka ya yi shiru, ka riƙe shi.

Yanzu na zo wurin da hannuna ba ya son rubutawa.

Ni da Awa muna da alkawari tun muna da ƙarfi: wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta wanke ta. Mun sha maimaita shi cikin raha. Ta ce in ita ce, kada in yi mata rowar turare. Da numfashinta ya fara sarƙewa aka kai ta asibitinku, ta faɗa ɗakin da kake aiki. Na ji daɗi, na ce tana hannun ɗanta. Kullum in tambaye ka, ka ce, "Da sauƙi, Iya." Har ranar da ka shigo ka tsaya a bakin ƙofa ba ka cire takalmi ba, na gane tun ba ka yi magana ba.

Ba a bar mu mun taɓa ta ba. Na je da jakar magarya da kafur, aka tsai da ni a bakin ƙofa. An rufe ta cikin leda, an sa a akwati, maza kaɗan suka yi mata salla daga nesa. Matar da ta wanke mata ba iyaka, ta tafi ba wanda ya zuba mata ko ludayi ɗaya. Na dawo gida da jakata yadda na fita da ita. Na same ka a tsakar gida, kuma na ce maka abin da na ce. Zan rubuta shi don kada ka ɗauka na manta. Na ce, "Kun ƙulle mini ita a leda kamar kifin kanti. Wannan ne aikin da kuka koyo?"

Ka ce, "To, Iya."

Ba kai ka kafa dokar ba, kuma dokar don a tsare irina aka kafa ta, tsohuwa mai hawan jini. Na san haka ko a lokacin. Amma baƙin ciki yana neman wanda zai faɗa wa, kai ne kuma mafi kusa, kai ne wanda ba zai rama ba. Ban tsaya na yi tunanin cewa ni an hana ni ganin ta a mace, kai kuwa ka gan ta tana tafiya, matar da ta goya ka, kana cikin rigar da ko fuskarka ba za ta gane ba. Ka ɗauko wannan ka kawo gida, gidan da na ce kada a ji komai a cikinsa, sai na ƙara maka nawa a kai. Ka yafe mini, Bashiru. Ban iya faɗa da baki ba, kullum na buɗe baki sai zolaya ta riga fitowa.

Daga nan ne ka daina kallon ƙwallo. Ka daina zuwa cin garba, acheke da soyayyen kifi, da abokanka ko da aka buɗe gari. Waya ta yi ƙara ka zabura kamar an harba bindiga. Madam Akisi ce kuma ta zo ta same ni, ta rufe ƙofa, ta ce, "Mama, zan gaya miki magana, kada ki yi faɗa." Ta ce ta sha ganin ka a jirgin ruwan da ke tsallaka lagun, babban ruwan da ya ratsa garin nan, in ta je sarin kifi. Ka tashi aiki, maimakon ka zo gida sai ka shiga jirgi ka tsallaka, ba ka sauka ba, ka dawo, ka sake tsallakawa. Ta ce, "Ba tafiyar ce ta dame ni ba. Yadda yake kallon ruwan ne ban so ba."

Tun da nake ban taɓa jin sanyi irin na ranar ba. Na sa mayafi na tafi wurin liman, na ce a yi maka rubutu, an yi maka baki ko iska ta taɓa ka a asibiti. Malam ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Hajiya, addu'a zan yi, rubutu ma zan ba ki. Amma ni da kike gani, tun da aka rufe masallacin nan ban yi barcin kirki ba, ina zaune sai in ji hawaye ba dalili. Ni kuwa ban ga rabin abin da yaron nan ya gani ba. Ba iska ba ce. A wurin aikinsu babu wanda ke duba irin wannan?" Na ce ban sani ba. Ƙarya na yi wa malam, Allah ya gafarta mini. Na sani. Uwarka ta gaya mini akwai wata likita da aka kawo muku, mai zama da ma'aikata tana sauraron damuwarsu, kuma ka fara zuwa wurinta a ɓoye. Ni kuma a gaban mutane na ce, "Ashe mijina ya koma ganin likitar mahaukata, sai in nemi saki tun da wuri." Aka yi dariya. Ba ka sake zuwa ba.

Rubutun ka sha, don kai ba ka ƙin abin da na miƙa maka. Kuma kada ka raina shi, kada ka bar salla, kada ka bar addu'a, su ne suka riƙe ni. Amma mai ciwon ƙafa yana addu'a yana kuma zuwa a ɗaure masa, ba wanda ya ce imaninsa ya ragu. Ni da na sha gaya wa mata haka, da abin ya zo kan zuciya sai na manta.

Yanzu ga labarin da ba ka sani ba, kuma na san za ka buɗe baki. Da na ji an ba ka takardar tafiya, na sa atamfata mai kyau na je asibitinku da kaina neman likitar nan. Niyyata in ce mata ta kira ka ta yi maka faɗa. Na same ta, 'yar siririya da tabarau, ko jikata ta girme ta. Na zauna na ce, "Ni ce kakar Bashiru, gaya mini abin da ya ce miki." Ta yi murmushi ta ce, "Mama, ko ya taɓa zuwa nan ma ba zan gaya miki ba." Na matsa, na yi fushi, na yi kukan ƙarya, ba ta motsa ba. Na ce a raina, af, ashe 'yar gidanmu ce, ita ma tana riƙe zane. Nan take na ji na yarda da ita.

Sai ta ce, "Ke fa, Mama? Yaya kika ji da annobar nan?" Na buɗe baki zan ce lafiya lau, sai na ji sunan Awa ya fito. Na gaya mata jakar wankan tana rataye a ƙusa tun ranar, ko da aka sake ba mu izini an aiko kirana na ce ƙafata ke ciwo. Na gaya mata in gbaka ta bi ta 220 Logements nakan rufe ido har mu wuce. Na yi kuka a ofishin yarinyar nan har na jiƙa mata takardun goge hanci duka, ga ni da carbi, ga zinariyar Makka a baki. Ba ta ce in yi haƙuri ba. Na fito ina jin yunwa, na tsaya bakin titi na ci aloko, soyayyiyar ayaba, kamar 'yar makaranta. Na koma bayan nan, kuma zan sake komawa. To, in likitar mahaukata ce, matarka ta riga ka zama 'yar gida, sai ka ga wa zai saki wani.

Ta ce duk ma'aikacin da aka tura ƙauye yana iya kiran ta ta waya, ba sai ya zo ba. Ba ta ambaci sunanka ba, ni ma ban ambata ba. Kana da lambarta. Ban ce ka yi don ni ba, na gaji da kana yin abu don ni.

Kuma in wata rana tunanin ruwan nan ya dawo maka, ko wani abu mai kama da shi, kada ka jira gari ya waye, kada ka ji kunya, kada ka ce kai ma'aikacin lafiya ne bai kamata ba. Ka buga wa mutum ƙofa. Ka kira ta, ka kira uwarka, ka kira ni. Na wanke 'yan mata da tsofaffi, na san nauyin kowace irin gawa, kuma ina gaya maka akwai wadda ba zan iya tsayawa a gidan da aka fito da ita ba. Kai ne za ka sa ni a rami, haka tsarin yake, kada ka ɓata mini shi.

Ranar Lahadi na sauke jakar daga ƙusa. Wata tsohuwa ta rasu a bayan babbar kasuwa, muka je ni da Mairo da wata yarinyar mace da muke koya wa riƙon zane. Da muka gama sai yarinyar ta ce za ta wuce gida, miji na jira. Na kama mata hannu na ce miji ya jira. Na kawo su nan ɗakina, na shimfiɗa tabarma, na dama citta, ba ta kai ta Awa yaji ba amma an sha. Na yi wa yarinyar bayanin dalilin zaman tun ranar farko, da baki, dalla-dalla. Kai ma ka yi haka a can. Ko ku biyu ne a asibitin, kai da ungozoma, ranar da aka yi rashi ko aka sha wuya kada kowa ya kama hanyarsa. Ku sayi ko gyaɗa ce ku zauna a kan benci.

Saura abu ɗaya. Ban taɓa tambayar ka yadda Awa ta cika ba, kai kuma ba ka taɓa faɗa ba. Ba na neman abin da ka gani a jikinta, wannan nata ne. Ina neman abin da ya same ka kai a ɗakin nan. Na janye maganar da na yi maka ina riƙe da kunnenka: a gidan nan ana jin komai yanzu. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan kira ka. Ni zan fara, in gaya maka nawa, don na san kai ba ka iya fara magana ba, gadon kakanka ne. In na gama zan yi shiru, abin da ba ka taɓa ji na yi ba. In ka yi magana, ina ji. In ba ka iya ba ranar, akwai wata Juma'ar, kuma ba zan kashe wayar ba sai kai ka kashe.

Allah ya tsare mini kai a hanya da masauki. Allah ya ba ka barci mai daɗi da maƙwabta na kirki, ya sa hannunka ya zama sanadin sauƙi ga bayinsa, ya warkar da naka hannun. Allah ya jiƙan Awa da duk waɗanda suka tafi ba mu sallame su ba, ya kai haske kabarinsu. Uwarka tana gaishe ka, Mairo tana gaishe ka, Madam Akisi ta ce ka ci abinci. Ka shafa man kaɗen da na sa maka a aljihun jaka, safe da yamma.

Wassalam.

Matarka ta fari, wadda ba ta sakuwa,
Iya Dije